Kai iyali ganin teku daga Birnin Kebbi: garin Wida, hanyarsa, da abin da ɗan bakin gulbi ya kamata ya sani

Tambaya: Wani malamin makaranta mazaunin Birnin Kebbi, asalinsa ɗan Yawuri, ya rubuto yana cewa: "Ina so in kai maiɗakina da yaranmu uku su ga teku a hutun ƙarshen shekara, amma ba na son hayaniyar Legas. Wane gari ne mai shiru a bakin teku da mai matsakaicin ƙarfi zai iya zuwa? Ta wace hanya, da waɗanne takardu? Batun ruwa kam bai dame ni ba, a bakin Kwara na tashi, na iya iyo."

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Garin da ya dace da abin da ka kwatanta shi ne Wida, a Jamhuriyar Benin, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. A allunan hanya za ka ga an rubuta Ouidah. Gari ne na tsofaffin gidaje da itatuwa masu inuwa, babu tashar jiragen ruwa, babu cunkoson manyan motoci, da an yi isha'i ƙafa ta ɗauke. In shirun Wida bai ishe ka ba, ka ƙara gaba wajen kilomita 45 zuwa Grand-Popo, kusa da iyakar Togo, inda ba abin da za ka gani sai yashi da itatuwan kwakwa da ƙauyukan masunta. Wanda ba shi da fasfo, ko ba ya son tsallaka iyaka, Badagry ta jihar Legas za ta fisshe shi. Tarihinsu iri ɗaya ne, tekun ma ɗaya ne, duk abin da zan faɗa game da ruwa ya shafe ta. Na fifita Wida ne don abubuwan ganinta suna kusa da juna, mai yara ba zai wuni a mota ba.

Maganarka ta ƙarshe, ta iya iyo, ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma a kanta zan fi daɗewa. Amma mu fara isa garin tukuna.

Ba ka buƙatar biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Najeriya damar shiga Benin ya zauna har kwana 90. Abin da ake nema shi ne fasfo mai sauran wa'adi, ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da hukumar shige da fice ke bayarwa, kuma kowane yaro da tasa, har na goye. Ka haɗa da takardun haihuwarsu, don jami'an iyaka suna sa ido sosai kan masu wucewa da yara saboda safarar mutane. Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. A nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka wanda ya yi ta ana gobe tafiya katinsa bai nuna ba. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, haka dokar lafiya ta duniya ta koma tun 2016. Ba a yi wa jaririn da bai kai wata 9 ba, mai juna biyu kuma sai da shawarar likita. Kada ka sayi katin da ba a yi maka allura ba a bakin iyaka. Ban da kasancewarsa laifi, cutar da ake gudu gaskiya ce, sauro ne ke yaɗa ta, kuma tana kisa.

Hanya biyu ce a gabanka. A taswira, ta arewa ta fi kyan gani: Kebbi ta yi iyaka da Benin ta ƙasar Bagudo, a fita ta Tsamiya zuwa Segbana, a faɗa Kandi, daga nan a miƙe kudu ta Paraku, Dassa da Bohicon har Kwatano, tafiyar da ta haura kilomita 600 daga Kandi. Fatake sun san ta, titin ma ba laifi. Sai dai ga mai mata da yara ba zan ba da shawararta ba a wannan lokaci. Yankin Alibori, musamman kewayen gandun dajin W, ya sha hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan, an kashe sojojin Benin da dama a 2025. Hanyar Kamba zuwa Gaya zuwa Malanville kuma ta dagule tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Nijar da Benin mutane suka koma tsallakawa a kwale-kwale. Buɗewa da rufewar waɗannan iyakoki tana sauyawa, wanda ya nace sai ta nan ya fara zuwa ofishin shige da fice a Birnin Kebbi ya ji halin da ake ciki a makon da zai tashi.

Hanyar da zan ce ka bi ita ce ta cikin gida: Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, Jebba, Ilori, Ibadan, Legas, sama da kilomita 800. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, mai tsawon kilomita 1,068, ita ce wata rana za ta sauƙaƙa wannan tafiya, amma kada ka sa ta cikin lissafin bana. Ku tashi da asuba, ku yi tafiyar rana kawai, ku kwana a Ilori. Tsakanin Kontagora da Jebba ne mota ta fi cin lokaci, saboda ramuka da tireloli, kuma ba wurin da ake so dare ya riski mutum ba ne. Mai hali ya hau jirgi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello ko na Sakkwato, ya bi ta Abuja. Rana ta biyu ku wuce Legas, a Mile 2 ake samun motocin Badagry da Seme, garin kan iyaka. Ku kwana a Badagry, ku tsallaka da safe. Tazarar Badagry da Seme kusan kilomita 20 ce kawai, amma shingayen bincike sun yi yawa a kanta.

A Seme, ofishin iyakar na haɗin gwiwa ne, wanda shugabannin ƙasashen biyu suka buɗe a Oktoban 2018. Jami'an lafiya za su duba katin rigakafi, na shige da ficen Najeriya su buga hatimin fita, na Benin su buga na shiga. Ka buɗe kowane fasfo ka ga hatimi biyun da kwanan wata kafin ka bar wurin. Tun kafin ka sauka daga mota 'yan kabu-kabu za su kewaye ka da tayin zagayawa da ku ta bayan gari ba tare da an duba komai ba. Kada ka yarda. Wanda ya shiga ba hatimi, duk shingen da aka tsayar da shi a cikin Benin ba shi da bakin magana, kuma ranar dawowa za a tambaye shi ta ina ya shigo. Kada ka ba kowa fasfo ya shige da shi inda ba ka gani, kada ka ɗauki hoto a wurin, kada kuma ka riƙe wa kowa ƙunshin saƙo ko da ya haɗa ka da Allah. In da motarka za ka shiga, akwai ƙarin takardu: inshorar ECOWAS mai launin ƙasa, takardar izinin shigar mota daga kwastan na Benin, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. A tafiyar farko ya fi sauƙi ka bar motar, ka yi shatar tasi daga Seme kai tsaye zuwa Wida, ku yi ciniki a gama kafin a ɗora kaya, a kuma fayyace wa zai biya kuɗin shingen hanya.

Kuɗinsu sefa ne, wanda aka ɗaure da yuro, don haka naira ce ke hawa da sauka a gabansa. Ka tambayi farashin ranar a wurin 'yan canji biyu ko uku kafin ka miƙa, ka ƙirga a gaban mai canjin, ka ƙi karɓar takardar da ta yage. Ka nemi ƙanana, 'yan 500 da 1,000 da 2,000, don mai kwakwa a bakin teku ba ta da canjin 10,000. Kada ka dogara da katin bankinka. Wani abu da mutanen Kamba suka sani amma na cikin birni kan manta: Hausawa da Zabarmawan can da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5. In mai tsire ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi, jika kuma 1,000. Ka ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tafiyar a wata aljihu dabam, ba a taɓa shi sai rashin lafiya ko lalacewar mota. Layin waya kuwa ka sayi nasu, MTN ko Moov, da fasfonka, ya fi araha nesa ba kusa ba. Soket ɗinsu mai hanci biyu ne zagayayyu, ka sayi mahaɗi tun a Seme. Agogo ɗaya muke da Benin, Togo ce ke bayanmu da awa ɗaya. In za a hau kabu-kabu, wanda suke kira zem, doka ta wajabta hular kwano ga direba da fasinja, kuma 'yan sandansu ba sa wasa da ita.

Lokacin da ka zaɓa ya yi. Kudancin Benin damina biyu gare shi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa farkon Nuwamba. Disamba zuwa Maris rani ne, hunturu ma yakan leƙo kaɗan. Sai dai ku shirya barin Wida kafin mako na biyu na Janairu, don wajen 10 ga wata ake bikin addinin gargajiya na Vodun, garin yakan cika maƙil da baƙi daga ƙasashe, masauki ya yi tsada, shirun da ka zo nema ya ɓace. Ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara da kowace Lahadi ma mutanen Kwatano kan kwararo bakin ruwa da kiɗa. Litinin zuwa Alhamis ne garin yake naku. Zafinsu da wuya ya wuce digiri 33, wanda ga mutumin da ya san Afrilun Kebbi ba komai ba ne, amma iskar cike take da laima, zufa ba ta bushewa, wanki ma yakan wuni bai bushe ba. Ku ɗauki tufafin auduga marasa nauyi, shadda mai sitaci ta zauna a gida.

Garin Wida ba a kan ruwa yake ba. Tsakaninsa da teku akwai kusan kilomita 4, da wani dogon tafki mai ruwan zartsi da ke kwance a bayan tudun yashi. Masaukan cikin gari sun fi araha, sun fi kusa da masallaci da kasuwa. Na bakin ruwa sun fi iska, amma da dare kuna can ku kaɗai. Da yara, ni cikin gari zan zaɓa, a riƙa zuwa ruwa safe da yamma. Kafin ka biya, ka shiga ɗakin: ka duba wayar taga ko gidan sauro, ka buɗe famfo ka ɗanɗana, don rijiyoyin kusa da teku sukan yi zartsi, ka tambaya ko akwai mashaya mai kiɗa a harabar. Ku tafi da butarku da gidan sauronku.

To, ga teku.

Malam, iya iyon Kwara gaskiya ne, ba na raina shi. Amma gulbi gefe ɗaya yake gudu, da ƙarfi kusan iri ɗaya, gaɓa kuma tana nan dama da hagu. Tekun wannan gaɓa, daga Legas har Lome, wani abu ne dabam. Igiyoyinsa daga can ƙuryar kudancin Atilantika suke tasowa, su yi dubban kilomitoci ba tsibiri ba dutse da zai rage musu ƙarfi, sai su tarar da gaɓa mai gangare, su tashi tsaye su fashe a bakin yashi. Ka tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawunka ka lura. Igiya za ta zo ta wuce ka da kumfa, ba za ka ji komai ba. Komawarta ce abin tsoro: za ka ji yashin da ke ƙarƙashin diddigenka yana zarewa, ƙafarka tana nutsewa, jikinka yana karkata gaba, kafin ka gyara tsayuwa ta biyu ta iso. Kuma ba girma ɗaya suke zuwa ba. Ƙanana za su yi ta zuwa har mutum ya saki jiki ya ƙara taku biyu, sai manya su biyo a jere, su hau har inda yashi yake a bushe ɗazu. Mafi yawan waɗanda ruwa ke ɗauka ba iyo suka shiga yi ba, hoto suka tsaya ɗauka sun ba teku baya.

Sai babban makashin. Ruwan da igiyoyi suka tara a bakin gaɓa dole ya koma, sai ya haƙa wa kansa kwari a cikin yashi ya riƙa fita ta nan da gudu, wani lokaci fiye da mita 2 a daƙiƙa, gudun da ba gwanin da zai iya ja da shi. Abin da ya sa yake cin mutane shi ne, a ido nan ne wurin da ya fi kwanciya. Dama da hagu igiyoyi suna fashewa fari fat, a tsakiya ga wani fili da ba sa fashewa, ruwansa ya fi duhu ko ya yi gurɓi da yashi, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito. Baƙo yana ganinsa sai ya ce ga inda yara za su yi wasa. Ka hau tudun yashi ka yi minti goma kana kallo kafin kowa ya sauka, daga sama ake gane shi.

In Allah ya ƙaddara ya ja mutum, ba ƙasa yake dannawa ba, ciki yake tafiya da shi, kuma faɗinsa ba shi da yawa. Gajiya da firgita ne ke kashewa. A nan darasi ɗaya na gulbi zai yi maka amfani: ba a gaba da gaba da ruwa mai gudu. A kwanta rigingine a huta, a ɗaga hannu ɗaya, sannan a yanka ta gefe, a bi tsawon gaɓa har a fita daga kwarin, igiyoyi su taimaka a dawo. Wanda ke waje kada ya faɗa don ceto, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. Ya kwarma ihu ga masunta, ya jefa jarka wofi mai murfi, wadda za ta yi aikin da gora ke yi wa masuntan Argungu, kuma kada ya ɗauke ido da yatsa daga inda mutumin yake. Lambar 'yan kwana-kwanan Benin 118 ce. Wanda aka fitar yana tari ko numfashi da ƙyar a kai shi asibiti ko ya ce ya warware.

Saboda haka dokar gidanka ta zama guda: babba ba ya wuce ƙwauri, yaro ba ya taka jiƙaƙƙen yashi sai hannunsa na cikin na babba, ba a juya wa ruwa baya. Yawancin wuraren babu masu gadin ceto. Ka yi wa Hajiya bayani tun a gida, cewa zani da dogon hijabi in sun jiƙe nauyi suke yi su nannaɗe ƙafafu, igiya kuma ta sami abin kamawa. Haka babbar riga. In yara sun matsa sai sun yi wanka, a biya su shiga kwamin wanka na otal. Tafkin bayan gari ma ba wurin wanka ba ne, saboda ƙazanta.

Ka kuma lura da cikar teku da janyewarsa. Sau biyu yake cika a yini da dare, kusan awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. Da wata yake tafiya: a tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi hawa, janyewar ta fi nisa. Tabarmar da aka shimfiɗa nesa da ruwa da hantsi tana iya shan igiya da azahar. Layin tarkace da ɓawon kwakwa da ke kwance a kan yashi shi ne iyakar cikar da ta wuce, ku zauna sama da shi.

Abin da ya fi kyau a bakin ruwan kyauta ne. Ku fita bayan sallar asuba ku nemi inda ake jan taru. Jirgi yakan fita da ragar ya zagaya ya dawo da igiya, sai mutane su jeru layi biyu a kan yashi, maza da samari har da yara, suna ja da baya taku ɗaya-ɗaya bisa amon waƙa, wanda ya kai ƙarshe ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Aikin yakan ci awoyi. In jakar tarun ta iso, mata suna nan tsaye da manyan kwanoni, nan take ake rabo da ciniki. Ɗan Yawuri zai fi kowa jin daɗin wannan kallo, kuma in ka yi sallama ka kama igiyar ba za su hana ka ba. Ka dubi jiragensu, gindin daga gungumen itace ɗaya aka sassaƙa, aka ɗora katako a gefe don tsaga igiya. A hanyar zuwa ruwan akwai ƙauyen Djegbadji, inda mata ke kankare ƙasar bakin tafki, su tace ta da ruwa a manyan kwanduna, su dafa har gishiri ya fito, kusan yadda ake yin gishirin Foga.

Wannan hanya mai kilomita 4 ita ce Hanyar Bayi, kuma ina roƙonka kada ku wuce ta a mota kamar kowace hanya. Ta Wida aka fitar da mutane sama da miliyan ɗaya zuwa ƙetaren teku tsakanin ƙarni na 17 da na 19. Sarkin Dahomey Agaja ya ci garin a 1727, ya zama babbar kasuwar masarautar. Ganuwar Turawan Fotugal da aka gina a 1721 tana nan, ba su bar ta ba sai 1961, bayan Benin ta sami 'yanci. Daga dandalin Chacha, inda gidan dillalin bayi Francisco Félix de Souza yake, hanyar ta bi ta wurin bishiyar mantuwa, wadda masu rakiya za su ce maka maza sau tara suke zagaya ta mata sau bakwai, ta wuce inda ake tsare su a duhu da ramin da ake zuba waɗanda suka mutu, ta ƙare a Ƙofar Ba Dawowa da aka gina a 1995 a bakin ruwa. Gwamnati ta daɗe tana manyan gyare-gyare a waɗannan wurare, wani za ka iya tarar da shi a rufe, ka tambaya a masauki kafin ka fita.

Ka gaya wa yaranka cewa wannan ba tarihin wasu ba ne. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 a ƙasar Hausa, da rugujewar daular Oyo, sun jefa Hausawa da yawa hannun dillalai, wasu dillalan ma namu ne, aka gangaro da su Wida da Badagry da Legas, aka kai su Bahia ta Birazil. A 1807 hukumomin birnin Salvador na Bahia sun bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa. A Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban bore a birnin, aka sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wasu daga cikin waɗanda aka koro ko suka fanshi kansu sun dawo Wida, suka zauna a unguwar Maro, kuma a nan tsohon masallacin garin yake. Ka yi sallah a cikinsa.

Wida cibiyar Vodun ce, za ka ga alamunsa ko'ina: bishiya ɗaure da farin ƙyalle, ɗan ɗaki da aka zuba wa manja, ɗakin mesa da ke fuskantar babbar majami'ar Katolika, da kurmin Kpasse. Ba wanda zai tilasta maka shiga, ba kuma wanda ya gayyace ka yin wa'azi. Ka ja wa yara kunne kada su nuna da yatsa, kada su yi dariya, kada su taɓa. In dodanninsu sun fito, a ba su hanya, ba a taɓa tufafinsu, hoto kuma sai da izini. Faransanci da Fon ake yi a garin, amma Yarabanci yana aiki, Dandanci da Zabarmanci ma suna aiki a wurin 'yan arewa, Hausa kuwa a wurin mahauta da masu tsire da 'yan canji, musamman a unguwar Zango ta Kwatano inda akwai babban masallacin Juma'a.

Batun ibada da sauƙi. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, mushensa halal ne, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, don haka alwala da shi ta yi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jatan lande da ƙaguwa da sauran dabbobin ruwa duk ana ci. Teku yana kudu. In ka sa shi a damanka gabas kake kallo, sai ka karkata hagu, fiye kaɗan da yadda ka saba a Birnin Kebbi, don alƙiblar can wajen digiri 64 take daga arewa, ta gida wajen 70. Kuna ƙasaru a hanya, amma in kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Wida sai ku cika sallah. Zaman da bai kai haka ba kuwa bai biya wahalar kwana biyu zuwa kwana biyu dawowa ba.

A abinci, kifi ne mafita. Sabo idonsa garau yake, cikin kunnensa ja, in ka danna tsokar ta dawo. Tuwon masara, kafa, wake da shinkafa, soyayyar doya, cukun Fulani da suke kira wagashi, abarba mai zaƙi da kwakwa ɗanya duk suna nan. Nama kuwa sai a hannun mutanenmu, don a kudancin Benin alade da gyazbi abinci ne na yau da kullum, wani lokaci a mai ɗaya ake suya, ka tambaya kafin a zuba. Farin ruwan da ake miƙa wa baƙo a ɗan ƙaramin kofi sodabi ne, barasa ce da ake tatsa daga bammi. Ku sha ruwan gora mai hatimi, ku guji ƙanƙara da ganyen da ba a dafa ba, ku riƙe gishirin zawo na ORS a jaka.

In kun je Grand-Popo, za a yi muku tayin shiga jirgi a kogin Mono zuwa Bouche du Roy, inda kogin ke faɗawa teku. Tafiya ce mai kyau ta cikin kurmin ruwa da ƙauyukan tsibiri. Ku tafi da safe kafin iska ta tashi, kowa da rigar ceto daidai jikinsa, ta yaro ta yaro, in babu a fasa. Ku sauka nesa da bakin mahaɗar, nan ne ruwa ya fi ko'ina murɗawa.

Ranar dawowa kada kwaɗayin araha ya sa ku cika jaka. Shinkafar waje, daskararrun kaji da dilar gwanjo kwastan na kamawa a hanyar Seme, kuma buhu ɗaya ya isa ya tsayar da motarku awoyi. Gishirin Djegbadji, man kwakwa da busasshen kifi na cin gida ba su da matsala. A sake buga hatimi biyu kamar yadda aka yi da shiga. Ku goge wayoyi da zip ɗin jakunkuna da ɗan ƙyalle mai laimar ruwan daɗi, don iskar gishiri tana sa tsatsa cikin 'yan kwanaki. Sauron bakin tafki kuma ba ya hutun rani kamar namu, duk yaron da ya yi zazzaɓi a cikin makonni huɗu bayan dawowa a kai shi gwajin maleriya a ranar, a gaya wa likita inda aka je.